Ragon Sunan da Mahmuda Ya Saka a Waya

Ni dai ban taɓa ganin mutumin da bakinsa ya fi ƙarfin kansa irin Mahmuda ba, kuma ku sani zama da masu baki shi ne sana'ata. Gidan kallon ƙwallo gare ni a nan Lafia, kan hanyar da ke fita Adogi. Kullum ina tare da mutanen da ko lemo ba su taɓa bugawa da ƙafa ba, amma suna koya wa koci aikinsa. To ka tattara su duka ka ɗora a sikeli, Mahmuda shi kaɗai zai rinjaye su.

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Gyaran waya yake yi a ƙarƙashin wata lema a bakin tasha, irin gyaran da in ka kai masa waya ba ta ji, ka karɓo ta ba ta gani. Ana nan sai wani kamfani ya tara matasa a Abuja don a koya musu wani wasan waya, aka raba musu riga da hula da shinkafa a roba. Mahmuda ya je ya yi 'yan kwanaki, ya dawo da baƙin tabarau da sabon suna. Wai daga yau Injiniya za a riƙa kiransa.

A shagon sakwarar Mnena ya fara yi mana huɗuba. Mnena matar Tyav ce, dillalin doya, kuma ita ke jagorantar mawaƙa a cocinsu. Nan muke cin abincin rana, ni da Tyav da Kawu Luqman, wani dattijo manomi wanda kawun matar Mahmuda ne.

Mahmuda ya ɗaga waya sama ya ce, "Ku kalle ni da kyau, don nan gaba sai da takardar izini za ku gan ni. Wannan wasan gona ce a cikin waya. Ka shuka doya, ka yi kiwon dabba, ka sayar, a biya ka da kuɗin intanet, ka canza su zuwa naira. Kuma komai a kan blockchain yake."

Kawu Luqman ya ce, "A kan me?"

"Blockchain, Kawu. Kamar ka sayi akuya a kasuwa ne, shaidu dubu suna tsaye suna kallo. Ba wanda zai zo gobe ya ce ba taka ba ce. Kuma in ciniki ya faɗa, ya faɗa ke nan. Babu mai iya dawo da shi, ko wanda ya ƙera wasan."

Tyav ya suɗe hannu ya ce, "Oga Injiniya, wannan doyan naka, ana dakawa?"

"Ba a dakawa."

"Ana soyawa?"

"Ba a soyawa, Tyav. Ana mallaka ne."

"To ni doyan da ba zai shiga turmi ba, ban san sunan shi ba."

Mahmuda ya girgiza kai irin na mai jin tausayi, ya ce ai matsalar ke nan da kamfanin ya aiko shi ya magance. Wai wasan yana ba sababbin shiga tsoro, kuma duk wanda ya iya sauƙaƙa shi har ya jawo jama'a, za a naɗa shi ambasadan jihar Nasarawa baki ɗaya. Ya bugi ƙirji ya ce shi zai sauƙaƙa shi har tsohuwar da ba ta san inda ake kunna waya ba ta shiga ta yi noma.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Amma Mahmuda yana buƙatar abin da zai nuna wa mutane, kuma aljihunsa babu ko na kati.

Matarsa Batulu na da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe, cikin fari. Tana da wani farin rago da babanta ya aiko mata daga Kwandere tun yana ɗan ƙarami, ta yi kiwonsa da dusa da ɓawon doya har ya zama abin kallo. Duk unguwa an san ragon suna ne. Ranar wata kasuwa Batulu ta tafi awo, ta dawo ta tarar da turke da igiya kawai.

Ina zaune a tsakar gidana na ji komai, don katangarmu ba ta riƙe sirri.

"Malam, ina ragona?"

"Kwantar da hankalinki. Yana nan. Na ɗaga darajarsa ne kawai."

"Zuwa ina?"

Sai ya miƙa mata waya. Daga baya ni ma na ga abin da ta gani: wani rago mai ƙahon zinariya, yana tsaye a kan ciyawa shar, yana kaɗa kai yana murmushi. Rago da murmushi, jama'a!

Batulu ta karɓi wayar ta duba. Can ta ce, "Da wace wuƙar za a yanka wannan?"

"Ba yanka shi za a yi ba. Irinsa kaɗan ne a duk duniya. Kafin ranar suna farashinsa zai tashi, in sayar, in sayo miki sa. Sa, Batulu! Ranar sunan nan sai mahauta huɗu sun taru."

"Ni ban ce ina son sa ba. Ragona nake so, wanda babana ya ba ni."

"Ke dai ba ki san fasaha ba."

"Na san abu ɗaya. In aka wayi gari ranar suna babu abin yanka a ƙofar gidan nan, dangina sun zo daga Kwandere suna kallon turke, to wallahi motar da ta kawo su ita za ta koma da ni da jaririna. Ka riƙe wannan, Injiniya."

Yadda ta furta Injiniyan nan, ni da ke bayan katanga sai da na ji kunya.

Washegari Mahmuda ya buɗe aji a shagon Mnena. Mutane sun taru, don an ji ya sayar da rago mai rai ya sayi hoto, kowa yana son ya ga mahaukacin da idonsa. Ya bayyana musu cewa kafin ka shiga wasan sai ka buɗe walat, wato rumbun da za ka riƙa ajiye dukiyarka. Makullin rumbun kuwa kalmomin Turanci ne goma sha biyu da wayar za ta ba ka, a jere. In ka manta su, rumbu ya rufe har abada.

Kawu Luqman ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Ni da lambar wayata ma sai na tambayi mai caji? A sauka lafiya."

Wata mai sayar da manja ta ce ita Turancinta bai wuce na ciniki ba. Wani ɗan acaɓa ya gwada buɗe nasa, kalmomin suka fito, ya kalle su kamar sammaci, ya kashe wayar ya cusa a aljihu. Kafin a yi haka rabin aji ya watse.

Mahmuda ya yi tsalle ya tare ƙofa. "Ku tsaya! Na samo dabara. Kawu, a gidanku na Kwandere kowa da rumbunsa?"

"A'a. Gandu muke yi. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, kowa ya yi aiki kowa ya ci."

"Shi ke nan! Mu ma gandu za mu yi. Ba wanda zai wahala da buɗe rumbu. Nawa ya ishe mu. Zan ba ku makullina, kowa ya saka a wayarsa ya shigo, mu yi noma tare. Ni ne mai gandu."

Tyav ya karɓi wayar ya ƙura mata ido. Akwai wani jan rubutu a saman kalmomin. Ya ce, "Oga, wayan ya ce kada ka gaya wa kowa fa."

"Wa ya rubuta? Bature ne. Bature ko ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya bai yarda da shi ba. Mu nan Lafia ne. Akwai ɓarawo a cikinku?"

Aka ce babu.

"To magana ta ƙare."

Gaskiya ni ma a lokacin sai na ga kamar maganar ta zauna. Allah ya sa dai wayata ƙarama ce mai tocila, ba ta ɗaukar wasan.

Saura haddar kalmomin. Mahmuda ya sa aka jera benci, ya samo sanda, ya riƙa faɗa ana biyawa kamar a makarantar allo. "Lemon!" Su ce lemon. "Taiga!" Su ce taiga. "Windo!" Su ce windo. Da an kai ta biyar sai ta farko ta gudu. Kawu Luqman kullum sai ya sa biri a gaban kwando, alhali kwando ne a gaban biri, wayar kuma ta ƙi buɗewa. Mahmuda ya yi gumi sharkaf, muryarsa ta dishe.

Mnena tana daga bakin turmi tana jin su, har abin ya ishe ta. Ta ajiye taɓarya ta ce, "Abeg, kuna kashe mini kunne. Haka ake koya wa mutum abu? Ku ba ni nan."

Ta ɗauki kalmomin nan ta ɗora su a kan wata murya mai daɗi, ta raba su huɗu-huɗu, ta sa tafi a tsakani. Lemon, taiga, windo, basket, tafi biyu. Monki, tebur, banana, da sauransu, tafi biyu. Ta ba mata sama, ta ba maza ƙasa. Wallahi kafin sakwara ta huce kowa ya haddace, har Kawu Luqman yana kaɗa ƙafa.

Mahmuda ya cire tabarau ya share ido. Ya ce, "Kun gani? Abin da ya gagari Turawa, na warware shi a shagon sakwara." Mnena ta harare shi, ya yi kamar bai gani ba.

Waƙa kuwa ta kama gari kamar mura. 'Yan Keke suna yin ta, masu markaɗe suna yin ta, mata suna daka da ita. Ni kaina na kama bakina yana yin ta a banɗaki. Batulu tana zaune da cikinta a tsakar gida, waƙar tana shigo mata ta kowace kusurwa daga safe har yamma, tana tsaki.

Sai gandu ya cika da manoma, kuma a nan rigima ta fara.

Mahmuda zai shuka doya da safe, kafin azahar wani ya haƙe ta tun ba ta nuna ba, wai yana gwada maɓalli. Mai manja ta ga gonar ba ta da kyan gani, ta tuge masara ta shuka furanni. Wani ya gina wa kaji ɗaki a tsakiyar rafi. Ragon kuwa ya ga ta kansa. Kowa ya shigo sai ya ba shi abinci, don shi ne abin da ya fi sauƙin dannawa, har wasan ya nuna shi kwance da ƙaton ciki, likita na tsaye a kansa. Ɗan acaɓan nan ya saya masa hular kwano da kuɗin gandu. Aka wayi gari an canza wa ragon suna, an sa masa Injiniya, kuma har yau ba a san wanda ya yi ba, ko da yake Tyav ya yi kwana biyu yana dariya shi kaɗai.

Kawu Luqman ya zo da ƙorafi na musamman. "Ni fa na duba bakin ragon nan, ban ga haƙora ba. Yaya za a yi a san shekarunsa?"

"Kawu, ba ya tsufa."

"Ba ya tsufa, ba ya mutuwa, ba a cin sa. Kai Mahmuda, ka tabbata rago ne ba aljani ba?"

Tyav kuma ya kawo kukan cewa ya yi noman kunya goma a wayar Mnena, ya dawo ya tarar an girbe. Ya tsaya a tsakiyar shago yana nuna mutane da yatsa. "Wanda ya ci doyana, Allah yana kallon shi!"

Mnena ta ce, "Doyan da ka ce ba ka san sunan shi ba?"

"Yanzu na sani, tunda na yi wahala a kan shi!"

Duk wannan bai girgiza Mahmuda ba. Ya ce hayaniya alamar kasuwa ta ci ce. Abin mamaki kuma, duk ɓarnar da ake yi babu wanda ya taɓa fitar da ko kaza daga rumbun, don kowa yana jin nauyin kowa. Farashin ragon ma ya ɗan motsa sama, Mahmuda ya riƙa bin mutane har masallaci yana nuna musu.

Ana cikin haka Batulu ta haihu, ɗiya mace, lafiyayya. Na shiga barka na ce masa, "Mahmuda, tunda ragon ya ɗan tashi, sayar da shi yau ka sayo na gaske ka ɗaure. Ka huta, mu ma mu huta."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Oga Kamal, shi ya sa har yanzu kake karɓar kuɗin ƙofa. A ɓoye zan sayar da rago irin wannan? Taro zan yi. A gaban jama'a zan sayar, a gaban kamfani, duniya tana kallo. Kuma a gidan kallonka za a yi, don talabijin ɗinka ta fi girma."

Na so in ƙi. Amma ya ce zai sayi man janareta, kuma ranar babu wasa.

Aka sa taro ana gobe suna, bayan la'asar. Dangin Batulu sun riga sun iso daga Kwandere, mazansu suka biyo Kawu Luqman don su ga san da aka yi musu alkawari. Gidan kallona ya cika har ana leƙe ta taga. Mahmuda ya shigo da babbar riga ta aro, ya haɗa wayarsa da talabijin, gandu ya fito ɓaro-ɓaro: furanni, kaji a cikin rafi, ga Injiniya nan da hular kwano yana murmushi. Aka yi tafi.

Ya jingina wata wayar a kan kujera, ya ce wannan tana watsa taron kai tsaye a intanet, kuma ya tura sanarwa duk wani zauren masu wasan da ya sani, na gida da na waje. Ya nuna mana lambar masu kallo tana hawa. Sannan ya kira wata ma'aikaciyar kamfanin ta bidiyo, wata matashiya mai abin ji a kunne, ya gaishe ta da Turancin da ya ajiye don irin wannan rana.

Ya juyo mana da fassara da kansa. "Ta ce tana murna." Ya saurara. Fuskarsa ta ɗan canza. "Ta ce... wai a wajensu mutum ɗaya suke gani ya shiga daga Lafia."

Tyav ya ce, "Mutum ɗaya? Mu duka ɗin nan?"

"Na'urarsu ce ba ta san gandu ba. Bari in nuna mata yadda muka yi. Madam Mnena, bisimilla!"

Mnena ta zo da shirinta. Ta kawo mawaƙanta cikin anko, ta jera su a gaban wayar da ke watsawa. Ta ce musu, "Duniya yana kallon mu. Kowace kalma ya fita tsaf, ban son a haɗiye ko ɗaya." Ta ɗaga hannu.

Kai, sun rera! Ban taɓa jin waƙar ta yi daɗi irin na ranar ba. Lemon, taiga, windo, basket, gidan kallo gaba ɗaya ya amsa, har baƙin Kwandere suna tafi. Suka kai ƙarshe suka sake ɗaukowa daga farko, a hankali, don wanda bai ji ba ya ji.

Ina kallon matashiyar nan a waya. Da farko tana murmushi. Sai murmushin ya tsaya. Sai ta dafe kai da hannu biyu, ta fara ɗaga mana hannu tana ihu.

Mahmuda ya ce, "Kun gani? Rawa take yi! A ƙara!"

Aka ƙara, zagaye na uku.

Kawu Luqman ne ya fara lura. Ya nuna talabijin da sandarsa. "Kai, ina kajin nan suka tafi?"

Muka duba. Babu kaji. Muna kallo rumbun doya ya koma fanko. Akuyoyi biyu da mai manja ta yi kiwo suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, ɓat, ɓat. Waƙa ta fara mutuwa daga baya, layi-layi, har ya rage Mnena kaɗai da hannu a sama.

Mahmuda ya ce, "Netwok ne. Kowa ya kwantar da hankalinsa, netwok ne."

Saura rago. Yana tsaye a tsakiyar fili shi kaɗai, da hularsa, yana kaɗa kai. Mahmuda ya yi kan wayarsa da gudu, babbar riga ta harɗe shi, ya faɗi a kan benci, ya tashi, ya danna nan ya danna can. Wani ƙaramin rubutu ya fito a talabijin. Ragon ya yi murmushinsa na ƙarshe, ya tafi. Har hular bai bari ba.

Kowa ya ƙura wa talabijin ido.

Muryar matashiyar ce ta fito, yanzu da Hausa, ashe tana ji. "Malam, makullin rumbunka kuka rera wa duniya? Sau uku?"

"Hajiya, a dawo da shi. Ku ne kamfani. Gobe suna!"

"Ba za mu iya ba. In ya fita, ya fita."

Tyav ya ce, "Ai kai ma ka faɗa mana, Oga. Ko wanda ya ƙera wasan."

"Yi mini shiru, Tyav!"

"Ni ina taya ka tuna karatu ne."

Wani daga cikin baƙin Kwandere, yayan Batulu, ya miƙe a hankali ya ce, "To, ina san?" Kawu Luqman ya amsa masa, "Ya bi ragon." Nan fa dariya ta ɓarke, irin wadda mutane ke riƙe ciki suna dukan benci. Mai manja kuwa ba dariya take ba, akuyoyinta take nema, ta cakumi babbar rigar aro sai da ta yage. Mahmuda ya juya ga jama'a ya ce wa ya saci ragon, a fito. Mnena ta ce, "Mu da muke nan muna tafi? Ka tambayi shaidunka dubu."

Na kashe janareta don a watse, kafin a karya mini kujeru.

Da kowa ya fita, na same shi zaune a ƙasa, tabarau a hannu, ido ya yi ja. A nan ne tausayinsa ya kama ni, don ban taɓa ganin Mahmuda bakinsa a rufe ba. Ya ce, "Oga Kamal, za ta tafi. Wallahi Batulu in ta faɗa sai ta yi. Ko ɗaukar yarinyar ban gama koya ba."

Na ce, "To tashi. Me kake da shi da za a iya taɓawa da hannu?"

Ya dubi wayoyinsa biyu. Ya dubi tabarau.

Da asuba muka hau babur ɗin Tyav mu uku, muka nufi wajen wani mai kiwo ta hanyar Ashige. Wayoyi suka tafi, tabarau ya tafi, lemar shago da akwatin kayan gyara duk aka haɗa. Abin da suka iya saya wani ɗan baƙin rago ne, siriri, mai tari. Tyav ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya ce, "Wannan ko netwok zai iya ɗauke shi." Daga baya, da muka iso gida, Kawu Luqman ya buɗe bakin ragon ya duba haƙora, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ya isa yanka, da ƙyar.

Babur ya ƙi ɗaukar mu huɗu, har da ragon, a hawan ƙarshe, don haka Mahmuda ya shigo unguwa a ƙafa, rago a kafaɗa, a gaban duk waɗanda suka zo raɗin suna. Mahauci ya dube shi ya ce, "Injiniya, wannan ne san, ko ɗan aikensa ne?" Mahmuda ya sauke ragon daga kafaɗa. Ya ɗaure shi a turke da hannunsa.

Batulu ta leƙo daga ƙofar ɗaki. Ta dubi ragon, ta dubi mijinta, ƙafa duk ƙura, kafaɗa duk gashi. Yayanta yana tsaye da makullin mota a hannu yana jiran abin da za ta ce.

Ta ce, "Yana numfashi?"

Mahmuda ya ce, "Yana yi."

"To a yanka kafin ya fasa."

Yayan ya mayar da makulli aljihu. Aka raɗa wa yarinya suna Nasiha, nama kuwa kowa ya samu abin da zai sa a haƙori ya ce ya ci.

Da yamma taro ya watse, sai jaririya ta fara kuka. Aka ba ta nono ta ƙi, aka goya ta ta ƙi, kakarta ta yi mata duk waƙar da ta sani, kamar ana zuga ta. Sai wani ɗan Keke ya wuce ta ƙofar gida yana rera lemon, taiga. Yarinya ta yi ɗif. Keke ya yi nisa, ta dasa sabon kuka. Ashe tun tana ciki ta haddace.

Ina jin su ta katanga. Batulu ta ce, "Malam, karɓe ta."

"Batulu, don girman Allah, kowace waƙa ban da wannan."

"Ita take so. Kai ka koya wa gari, kai za ka yi wa 'yarka."

Jaririya ta ci gaba da kuka. Can na ji muryar Mahmuda, a dishe, can ƙasa-ƙasa: lemon, taiga, windo, basket.

Batulu ta ce, "Ka manta tafin."